Fiyano mai kiɗa da kansa: zai riƙe mini waƙa kafin in kai ta situdiyo?

"Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ina rubuta waƙoƙin Hausa, yawanci na aure da na faɗakarwa. Matsalata ita ce kari yakan zo mini a hanya ko da daddare, in an kwana biyu sai ya gudu ko ya canza. In na je situdiyo kuma, rabin lokacin da na biya wurin neman kiɗan da zai dace yake ƙarewa. Wani abokina ya ce in sayi kwamfuta in koyi FL Studio, wani kuma yana so ya sayar mini da Yamaha PSR na hannu, irin mai kiɗa da kansa. Ban iya fiyano sosai ba. Shin wannan na'ura za ta taimake ni in tsara waƙa, in yi demo da furodusa zai karɓa? Ina kuma tsoron kada waƙoƙina su fito kamar kiɗan coci ko kamar na kowa."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan na fahimce ka da kyau, kana neman hanyar da za ka kama waƙa tun tana ɗanya, ka gwada ta da kiɗa ba tare da agogon situdiyo yana cin aljihunka ba, sannan ka miƙa wa furodusa abin da zai gane nufinka daga jin farko. Kana kuma fargabar kada na'urar ta shafe kamanninka ta ba ka nata. Na daɗe ina aiki da irin wannan fiyano, a ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti a Asawase da kuma wuraren biki, saboda haka zan amsa maka daga abin da hannuna ya saba da shi. Ra'ayina shi ne, ga mawaƙi irinka wanda kari yake fara zuwa masa a baki, wannan fiyano ya fi kwamfuta saurin biyan buƙata, amma da sharaɗi guda: waƙar ta riga kiɗan zuwa. Idan ka kunna kiɗan tukuna sannan ka shiga neman abin da za ka rera a kansa, abin da kake tsoro zai tabbata.

Abin da fiyanon yake yi

Abin da ya raba shi da sauran fiyano shi ne yana ɗauke da makaɗa a cikinsa. An kasa maɓallansa gida biyu. Ɓangaren dama naka ne, a nan kake kaɗa karin waƙa da muryar kayan kiɗan da ka zaɓa, sarewa ce ko jita ko ƙaho. Ɓangaren hagu kuwa umarni yake karɓa. Idan ka danna kod, wato sautuka uku ko fiye da ake haɗawa lokaci guda, na'urar takan gane wane kod ne, sai bas da jita da sauran kayan su koma kansa nan take, ganga kuma tana ci gaba da tafiya. Wannan rakiya da aka riga aka tsara ita ce sitayil, kuma kowane fiyano yana zuwa da su da yawa.

A manyan PSR na Yamaha kowane sitayil yana da layuka takwas: biyu na ganguna, ɗaya na bas, biyu na kod, ɗaya na dogon sauti mai cike baya, biyu kuma na 'yan kwalliyar da ke shigowa jefi-jefi. A jerin Pa na kamfanin Korg ma takwas ne, ganga da kayan kaɗe-kaɗe da bas da rakiya biyar. Kowane layi ana iya kashe shi ko a kunna, kuma ka riƙe wannan da kyau domin a kansa maganin damuwarka ya dogara. Sannan sitayil yana da sassa, waɗanda sunayensu suke rubuce a jikin maɓallai: Intro na buɗewa, Main A zuwa Main D waɗanda cikar kiɗansu take ƙaruwa daga na farko zuwa na ƙarshe, Fill da Break na tsallakawa daga sashe zuwa sashe, da Ending na rufewa. Da waɗannan kaɗai mutum zai iya jin baitinsa a kan kiɗa mai sauƙi, ya ji amshinsa a kan mai cika, cikin 'yan mintuna.

Ba yau muka fara tafiya da wannan na'ura ba. Tun shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Hausa na Kano suka ginu a kan PSR, har aka saba cewa kiɗan fiyano idan ana so a bambanta shi da na kalangu ko mandiri. Nan Ghana kuma, dokar hana yawon dare ta farkon shekarun 1980 ta durƙusar da wuraren rawa, makaɗa da yawa suka tafi ƙasashen waje, musamman Jamus, inda aka haifi boga hailaif da gangunan na'ura, wasu kuma suka koma kaɗa wa coci. Shi ya sa a Kumasi fiyano yake ko'ina, kuma yawancin gwanayensa a coci suka koya. Wannan yana da alaƙa da tsoronka, domin idan ka nemi wanda zai nuna maka kod, tsarin da ya saba da shi zai nuna maka, kuma tsari ne mai kyau a wurinsa, sai dai ba a kansa waƙarka ta tsiro ba.

Kwamfuta ko fiyano

Abokinka mai maganar FL Studio, wato manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, bai yi kuskure ba, ya dai amsa wata tambaya ce daban. Kwamfuta tana ba ka fili babu komai, kai ne za ka dasa kowane bugun ganga da kowane sautin bas da hannunka. Ga mai yin asaka ko hiflaif, wato kiɗan gambarar zamani na samarin Ghana, inda ɗan gajeren kiɗa mai maimaituwa shi ne ƙashin bayan waƙa, wannan ita ce hanya, kuma ba zan ce wa irin wannan yaro ya sayi PSR ba. Kai kuwa waƙarka tana da baiti da amshi, tana da hawa da sauka, kuma tambayoyin da kake so a amsa maka tun farko su ne ko saurin ya dace, ko muryarka ta kai, ko amshin yana ɗagawa idan ya shigo. A kwamfuta sabon shiga zai yi watanni kafin ya iya gina kiɗan da zai amsa masa waɗannan. A fiyano kuwa aikin kamar na allo ne, ka rubuta, ka wanke, ka sake rubutawa, babu asarar komai. Daga baya za ka buƙaci kwamfutar, ko taka ko ta furodusa, domin a can ake gama waƙa. Amma a matakin da kake yanzu, wato matakin tsarawa, fiyanon ne ya fi kusa da bakinka.

Inda na'urar take karkatar da waƙar Hausa

A nan zan daɗe, domin a nan waƙoƙi da yawa suke lalacewa ba tare da mai su ya lura ba.

Waƙar Hausa tana tafiya ne a kan nauyin gaɓa da hawa da saukar muryar kalma. Doguwar gaɓa tana son dogon sauti, gajera tana son gajere, kuma mai sauraro yana jin ɓaci nan da nan idan an ja gaɓar da ba ta jawuwa. Sitayil bai san wannan ba. Yana da bugunsa da ƙarfinsa, kuma idan ka daɗe kana jin sa kafin waƙar ta zauna a bakinka, za ka tarar kana tauye kalmominka domin su shiga ramukan da ya bari. Na ga samari masu kyakkyawan rubutu sun zo da baiti lafiyayye, bayan sa'a guda a kan kiɗa sai baitin ya koma wani abu da su kansu ba za su furta haka a magana ba. Saboda haka nake cewa ka rera waƙar a wayarka tukuna, ba kiɗa, sai ɗan tafi ko bugun cinya. Wannan ɗaukar ita ce alƙali. Duk lokacin da kiɗa ya saɓa mata, kiɗan za a gyara.

Sai batun sautuka. Mafi yawan karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar suke yawo, kuma abin farin ciki ga wanda bai ƙware ba shi ne baƙaƙen maɓallan fiyano su kaɗai tsani ne na sautuka biyar. Gwada neman karinka a kansu, sau da yawa za ka same shi a can, sannan ka yi amfani da maɓallin Transpose ka ɗaga ko ka sauke har ya dace da muryarka. Matsalar tana zuwa daga hannun hagu. An gina sitayil ne a kan tsanin Turawa mai sautuka bakwai, kuma layukan kod da na kwalliya suna cusa sautuka biyun nan da waƙarka ba ta amfani da su. Idan ka ƙara da sauya kod a kowane awo, wato a kowane zagayen ƙidaya ɗaya zuwa huɗu, daga kod na ɗaya zuwa na huɗu zuwa na biyar a dawo gida, to ga ƙamshin cocin da kake gudu ya cika ɗakin. Maganin yana da sauƙi, sai dai yana son haƙuri. Ka kashe duk layukan sitayil ka bar ganga da bas kawai. Ka zauna a kan kod ɗaya muddin waƙar ba ta nemi a tashi ba, domin waƙoƙin Hausa da yawa kod biyu sun ishe su daga farko har ƙarshe. A Yamaha, idan ka sa tsarin gane kod a kan Fingered, za ka iya danna tushen kod tare da sauti na biyar kawai, ko tushen tare da takwaransa na sama, na'urar ta karɓa ba tare da ta sa sautin tsakiyan nan da yake mai da kod na murna ko na baƙin ciki ba. Wannan buɗaɗɗen sauti ya fi kusa da yadda gurmi ko garaya suke raka mawaƙi. Bayan haka sai ka riƙa kunna sauran layukan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya rufe maka murya ko ya kawo sautin da ya yi karo da karinka ka mayar da shi ka kashe. A aikina, da wuya in bar fiye da huɗu cikin takwas ɗin a kunne idan waƙar Hausa ce.

Akwai kuma batun tafiyar bugu. Kiɗe-kiɗenmu da yawa uku-uku suke tafiya, haka ma adowa ta Asantawa da kake ji a wuraren makoki a garin nan. Mafi yawan sitayil ɗin da ke cikin fiyano kuwa bibbiyu ko hurhuɗu suke tafiya. Idan ka tafa wa waƙarka ka ji kowane taku yana rabuwa uku, ka nemi sitayil ɗin da aka rubuta wa 6/8 ko 12/8, ko da sunansa bai yi kama da waƙar aure ba, tunda ganga da bas kawai za ka ɗauka daga gare shi. Haka nan idan ka zo amfani da Quantize, wato gyaran da na'ura take yi ta jawo kowane sauti zuwa daidai lokacinsa, ka tabbata ka zaɓi awo mai rabon uku. In ba haka ba za ta murƙushe tafiyar gaba ɗaya. Ni ma ko a inda ya dace ba na sa shi da cikakken ƙarfi a kan abin da hannu ya kaɗa, domin ɗan jinkirin nan da ɗan gaggawar nan su ne suke sa ƙafa ta motsa.

Abu na gaba ya fi wuyar magani. Mawaƙin Hausa ba ya ƙidaya awo huɗu ko takwas kafin ya ba 'yan amshi hanya. Yakan ƙara ɗango idan maganar ba ta ƙare ba, yakan tsaya ya yi kirari, amshi kuma yana shigowa ne inda ya ajiye. Sitayil kuwa zagayensa a ƙidaye yake, kuma idan baitinka ya zarce da rabin awo, Fill zai faɗo a tsakiyar kalma. Wasu samfuran Yamaha irin su Genos da PSR-SX900 suna da hanyar mayar da sashe farkonsa da taɓa maɓalli ɗaya, wadda take taimakawa sosai. A tsofaffi kuwa dabarar ita ce ka zaɓi sitayil mai gajeren zagaye, ka daina dogaro da Fill, ka bar ganga tana tafiya shimfiɗe har ka gama maganarka. Kada ka yanke ɗango mai ma'ana domin ka faranta wa ƙidayar na'ura.

Game da fitowa kamar kowa, babban mai laifi shi ne Intro na biyu da na uku. Suna zuwa da karinsu da jerin kod ɗinsu, suna da daɗin ji, kuma duk wanda ya mallaki irin fiyanonka yana da su. Furodusa yana gane su tun daga awon farko. Ka buɗe waƙarka da ganga kawai, ko da amshin da ka kaɗa da hannun dama.

Idan ka ɗan saba, matakin da zai ba ka kiɗanka na kanka shi ne Style Creator, wanda Korg ma take da irinsa. Hanya mafi sauƙi a ciki ita ce haɗe-haɗe: ka ɗauko ganga daga wannan sitayil, bas daga wancan, ka ajiye da sabon suna. Wadda ta fi ta ita ce ka kaɗa gangar da yatsunka, zagayen yana maimaituwa kana ƙara bugu a kai. Idan za ka ɗauki bas da kanka a Yamaha, ka sani cewa a bisa tsarin asali na'urar tana ɗauka a kan kod ɗin CM7 kake kaɗawa, don haka ka tsaya a kan fararen maɓallan da ake kira C, D, E, G, A da B, ka bar F, ita za ta juya su zuwa duk kod ɗin da ka danna daga baya. Sitayil biyu ko uku da ka gina da hannunka sun fi maka ɗari da aka tura maka a waya.

Yadda nake bi da sabuwar waƙa

Bayan ɗaukar baki da na ambata, ina fara neman sauri da maɓallin Tap Tempo, ina rerawa ina taɓa shi daidai da tafina, sai in rubuta lambar da ta fito. Daga nan sai ki, wato matakin da murya za ta zauna. Ina gwada shi a kan wuri mafi tsawo a waƙar, wanda yawanci amshi ne, kuma idan mata ne za su yi amshin ina so a gwada da su tun yanzu, domin matakin da ya yi wa namiji daɗi yakan yi musu ƙasa ƙwarai ko sama ƙwarai. Sannan in rera waƙar duka a kan ganga kaɗai, bas ya biyo baya, kod su zo a ƙarshe. Idan na sami tsarin da ya kwanta mini, ina ajiye shi a Registration Memory, maɓalli ɗaya na baiti, ɗaya na amshi, ta yadda gobe zan tarar da sauri da sautuka da layukan da na kashe duk yadda na bar su. A Korg SongBook ne yake wannan aiki. Wasu samfuran suna iya riƙe jerin kod su yi ta maimaita shi, Chord Looper a manyan Yamaha, Chord Sequencer a Korg, kuma ga mawaƙi wannan babbar ni'ima ce tunda hannuwansa sun huta, hankalinsa ya koma kan kalmomi.

Ina kuma gwada waƙa ɗaya a kan sitayil biyu ko uku masu nisa da juna, har da wanda na san ba zan ɗauka ba. Waƙar da ta tsaya da ƙafarta a kan hailaif da rege da tafiyar uku-uku tana da ƙashi. Wadda kuwa ba ta daɗi sai a kan sitayil guda, sau da yawa daɗin na sitayil ɗin ne, kuma gara ka gano haka a ɗakinka kafin ka biya kuɗin situdiyo.

Rashin ƙwarewarka a fiyano ba zai hana ka farawa ba. Akwai tsarin Single Finger inda maɓalli ɗaya yake ba da cikakken kod, kuma a Yamaha idan ka haɗa shi da baƙin maɓallin da ke hagunsa ya koma maina, wato kod na baƙin ciki. Ka yi amfani da shi a makonnin farko, amma kada ka zauna a kansa, domin wannan dannawar ba ta aiki iri ɗaya a kowane kamfani, kuma ba za ta ba ka buɗaɗɗen kod ɗin da na bayyana ba. Kod shida a ki ɗaya, tare da Transpose, sun isa su ɗauki kusan duk abin da za ka rubuta a shekarar farko.

Abin da za ka kai wa furodusa

Fiyanon yana ɗaukar aiki ta hanya biyu, kuma ina so ka riƙa yin duka biyun. Ta farko ita ce MIDI, wadda ba sauti take ajiyewa ba, umarni take ajiyewa: wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane ƙarfi. Manyan PSR suna ɗaukar layi 16, sitayil yana zama a na 9 zuwa na 16, kuma fayil ɗin ƙarami ne ƙwarai. Amfaninsa shi ne furodusa zai buɗe shi a kwamfutarsa ya canza sauri ko ki, ya gyara bas, ya sauya kowace murya ba tare da an sake kaɗawa ba. Ta biyu ita ce ɗaukar sauti kai tsaye zuwa filashi a matsayin WAV, wanda yake cin kusan megabait 10 a kowane minti. Wannan shi ne yake nuna yadda kai ka ji waƙar. Dalilin haɗa su shi ne MIDI ba ya tafiya da muryoyin fiyanonka. A wata na'urar jitar za ta canza, kuma muryoyin Yamaha da ake kira MegaVoice, waɗanda suke ɓoye ƙarar yatsa da ta tsirkiya a wasu maɓallai, sukan fito da baƙin sautuka idan an kunna su da wani abu daban. Idan furodusa yana son sautin fiyanon kansa, sai a ɗauki kowane layi shi kaɗai, duka daga farkon waƙa, a sauri guda.

Wajen ɗaukar murya, sa abin ji a kunne ka kashe lasifikar fiyanon domin kada kiɗa ya koma cikin makirufo. Rage amon da na'urar take ƙara wa murya, domin yawansa yana ɓoye kuskuren da ya kamata ka ji. Ka yi kwafi biyu, ɗaya da murya, ɗaya kiɗa zalla. Ka haɗa da takarda mai ɗauke da baitocin, da lambar sauri, da jerin sassa, da ki na gaskiya. Na ce na gaskiya domin idan kana kaɗawa a C alhali Transpose yana kan ƙari uku, waƙarka a E flat take, kuma idan ka ce wa mai jita C ne za ku ɓata lokaci kuna neman juna. Tunda furodusoshi da yawa a garin nan Tuwi suke ji ba Hausa ba, ka yi masa alama a inda kowane ɗango yake ƙarewa da inda ba ka yarda a yanke ba. In za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin fayil, wato Document, domin saƙon murya yana matse sauti ya rage masa kyau.

Demo ɗin yana da wani amfani kuma. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, wato Act 690, tana kare waƙa daga lokacin da aka ajiye ta a rubuce ko a ɗauke, rajista a ofishin haƙƙin mallaka kuma tana ƙarfafa hujja. Saboda haka kada ka goge ɗaukar bakin farko da fayilolin MIDI. Kafin a fara aiki ku yi magana a fili da furodusa kan wanda ya mallaki kiɗan da za a gama, ku rubuta, kuma idan waƙoƙinka sun fara fita ka nemi GHAMRO, wadda take karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu.

Iyakar na'urar, da batun saye

Akwai abin da wannan fiyano ba zai yi maka ba. Kalangu yana magana ne da matsin hammata, murya tana hawa tana sauka a cikin bugu ɗaya, kuma abin da fiyano yake bayarwa inuwarsa ce kawai, ko da an taimaka da ƙafar lanƙwasa sauti da ke gefen hagu. Haka algaita da goge. Ka sa su a demo domin su riƙe wuri, ranar ɗauka ta gaskiya kuma ka kira makaɗi, kalangu ko donno, akwai su a unguwanninmu. Haka nan demo ba waƙar da za a kai rediyo ba ce. Sannan ni ban ji muryarka ba, ban ga baitocinka ba, kuma hannuna ya fi sabawa da Yamaha, don haka abin da na faɗa game da tsarin aiki ka gwada shi a kan waƙoƙinka ka ga wanda ya karɓe ka.

Sunan PSR faɗi gare shi, kuma ba ka faɗi wanne ake so a sayar maka ba. Ƙananan jerin E, irin su E463 da E473, suna da Main A da B kawai, ba sa gina sabon sitayil ko da yake suna karɓar wanda aka sa musu ta filashi, amma suna ɗaukar sauti, suna kuma aiki da batir shida, abin da yake da daraja ranar da dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya zo. Daga S670 da SX600 zuwa sama ake samun sassa huɗu da Style Creator da ɗaukar layi 16, SX600 kuma yana da wurin makirufo. A ɓangaren Korg, Pa600 da Pa700 suna wannan aji. Ga abin da kake so ka yi, ina ganin tsohon S mai lafiya ya fi sabon E, saboda gina sitayil naka shi ne hanyar fita daga kiɗan kowa. Farashi yana bin dala, sai ka zagaya shagunan Adum, a tsakiyar Kumasi, ka kwatanta kafin ka yi ciniki da abokinka.

Ranar dubawa, danna kowane maɓalli a hankali sannan da ƙarfi, domin robar da ke ƙarƙashinsu takan gaji, sai wani ya mutu ko ya riƙa fita da ƙara ɗaya komai taushin taɓawa. Je da filashinka ka ɗauki minti ɗaya ka ji ya fito. Karanta jikin adaftar, domin wutarmu 230 ce, kuma wasu kayan da aka shigo da su daga Amurka na 120 ne kawai. Jerin S da SX suna amfani da adafta mai bolt 16, E463 da E473 kuma 12, kada a haɗa ka da wadda ba tasa ba. Idan ya zama naka, ka rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu, ka ɗaga shi daga ƙasa saboda danshin damina, ka kuma saba da ajiye aiki da zarar ka ɗauka, domin abin da ba a ajiye ba yana tafiya da ɗaukewar wuta, kuma da yawansu suna kashe kansu idan an bar su kamar minti 30 ba a taɓa ba. Ka roƙi mai shi ya bar ka da shi na sa'a guda, ka kunna ɗaya daga cikin waƙoƙin da ka rera a waya, ka nemo mata sauri da ki, ka raka ta da ganga da bas kawai. Idan ka turo mini lambar samfurin da ke rubuce a jikinsa, zan faɗa maka waɗanne daga cikin abubuwan nan yake da su.